Hasken da ke kashe ido a hanyar Jos: wa ke da ikon sauya ƙwan fitilar mota?

Miri ita ce ƙofar Bauchi ta yamma. Motar da ta taso daga Jos, ta biyo ta Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabordo da Buzaye, sai ta ratsa ta nan kafin ta kai Wuntin Dada ta shiga cikin gari. Da rana babu abin da ya bambanta hanyar da sauran hanyoyi. Bayan sallar magariba ne lamarin ke sauyawa. Tirela za ta ɓullo da jerin fitilu a saman kanta da wasu a gaban bamba, ƙaramar mota ta biyo bayanta da ƙwai biyu fari fat masu ɗan shuɗi, ɗan Keke Napep kuma ya ɗaura wata doguwar fitila mai ƙwayoyi da yawa a goshin kekensa. Ɗan acaɓan da ke fuskantarsu sai ya sunkuyar da kai ya rage gudu, yana laluben bakin kwalta. Dattijon da zai tsallaka titi zuwa masallaci ya kare fuska da tafin hannu, ya tsaya yana jira, don ba ya iya gane ko mota ɗaya ce ke tafe ko babura biyu, balle ya ƙiyasta nisanta. Kowane ɗaya daga cikin masu waɗannan fitilu kuɗinsa ya sa ya saya, kuma in an tambaye shi zai ce don tsira da rai ya yi. Tambayar da ta dace a yi ita ce ko doka ta ba shi wannan dama, in kuma ba ta ba shi ba, me ya sa babu mai hana shi.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Cire ƙwan halojin daga fitilar da aka ƙera dominsa, a cusa na LED ko na zenon a gurbinsa, yana fitar da mota daga sahun motocin da suka cancanci hawa titi da dare, ko da takardunta sun cika. Amma laifin bai rataya a kan nau'in ƙwan ba, kuma duk dokar da za ta tsaya a kan suna, ta ce an hana LED, za ta zalunci wasu ta kuma bar matsalar a inda take. Abin da ya kamata doka ta auna shi ne inda hasken ke sauka. Fitilar gaba tana da wani hali da sauran sassan mota ba su da shi. In birki ya lalace, mai motar ne farkon wanda zai ji a jikinsa, don haka tsoro ma ya isa ya kai shi gareji. Fitila kuwa amfaninta na direba ne, cutarwarta gaba ɗaya tana kan wanda ke tahowa. Mai motar ba ya taɓa ganin fitilarsa daga gaba yana tuƙi. Wanda ba ya jin zafin abu ba shi ne zai yi alƙalancinsa ba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ƙasashe suka ɗauke hukuncin fitila daga hannun mai mota suka miƙa wa ma'auni.

Sai an duba cikin fitilar da kyau ake gane inda gizo ke saƙa. Ɗauki ƙwan H4, wanda ke cikin ɗimbin tsofaffin motocin da ke yawo a Bauchi. A cikin gilashinsa akwai zare biyu na ƙarfen tungsten, kowane tsawonsa 'yan milimita kaɗan. Ɗaya na ful ne mai wat 60, ɗaya na dim mai wat 55, kuma a ƙarƙashin zaren dim akwai wani ɗan ƙaramin marfin ƙarfe da ke tare hasken da zai iya tashi sama ya shiga idon mutane. Madubin da ke bayan ƙwan, da zanen gilashin da ke gabansa, duk an lissafa su ne bisa cewa hasken zai fito daga wannan zare, a wannan wuri daidai, yana bazuwa ta kowane gefe. Duk wanda ya taɓa murza kan tocila ya ga yadda ɗan motsi kaɗan ke mayar da tsayayyen haske ya zama warwatsattse ya san yadda abin yake. Ƙwan LED na kasuwa ba zare ba ne. Wani ɗan faifai ne mai kauri da aka manna wa ƙwayoyin haske a fuska biyu, da fanka ko haƙoran alminiyam a gindinsa don sanyaya shi. Hasken yana fita ta gefe biyu kawai, daga wuri mai faɗi, sau da yawa ya ɗan goce daga inda zaren yake. Madubin ba ya sanin an sauya masa ƙwai. Yana ci gaba da aikinsa, sai dai yanzu yana jefa wani kaso na hasken sama da layin da bai kamata dim ya wuce ba, daidai tsayin idon ɗan acaɓa da direban ƙaramar mota.

Wannan layi shi ne zuciyar maganar. Dim na ƙwarai, in an haska shi a bango, yana da iyaka a sama, haske a ƙasa, duhu a bisa, sannan iyakar ta ɗan ɗaga ta ɓangaren dama domin a ga mai tafiya a ƙasa da allunan gefen titi. Ta dama take ɗagawa saboda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu 1972. A nan akwai wata ɓoyayyar matsala da ba a cika magana a kanta ba: motar da aka ƙera domin Ingila ko Japan, aka shigo da ita aka juya mata sitiyari amma aka bar mata fitilunta na asali, tana ɗaga haskenta ne ta hagu, wato cikin fuskar mai tahowa, ko da ba a taɓa sauya mata ƙwai ba.

Abin mamaki shi ne mai sabon ƙwan ma ba lalle ne ya ƙaru ba. Yana ganin kwaltar da ke gaban bambarsa ta yi fari tas, sai zuciyarsa ta natsu cewa yanzu yana gani. Amma ramin da zai fasa masa taya, ko saniyar da ta fito daga daji, ko tirelar da ta mutu a kan hanya babu alama, ba a mita goma suke ba. Suna can gaba, inda ake buƙatar haske a tattare. Idan kusa ya yi haske da yawa, ƙwayar ido tana tsukewa, ganin nesa ya ragu. A lokacin hunturu kuma, sa'ad da hazo ya rufe hanyar Jos, duk hasken da ya ɓace sama yana dukan ƙura ya dawo wa direban da kansa kamar farin labule. Launin ma yana da nasa tasiri. Halojin yana ba da haske mai ɗan rawaya, kimanin kelbin 3,200, na LED ɗin kasuwa kuma galibi 6,000 ne zuwa sama, kuma an daɗe da sanin cewa fari mai shuɗi ya fi damun ido ko da ƙarfinsu ɗaya.

Lissafin haɗarin ba shi da wuya. Iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya irin wannan kilomita 80 ne a awa, wato kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idon da aka dalle yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya dawo daidai, na mai shekaru ya fi daɗewa, balle wanda yanar ido ta fara kamawa. Daƙiƙa uku kacal sun kai mita 66 da direba zai ci bai ga komai ba. Da zarar an bar gari, hanyar Jos akasarinta layi biyu ne babu shinge a tsakiya, kuma a wurare irin su Miri, inda gari ke ta faɗaɗa, gefen titi cike yake da masu rake da masu tsire da yara 'yan talla da masu jiran abin hawa. Su ne ke cikin wannan mita 66 ɗin.

To me doka ta ce? Najeriya ba ta rasa doka ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a watan Fabrairu 1988 kuma take aiki yanzu da dokar 2007, tana da kundin ƙa'idojin hanya na 2012. Ƙa'idojin sun wajabta kunna fitila daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, littafin dokokin hanya kuma ya umarci direba ya yi dim idan wata mota na fuskantarsa. A jerin laifukan hukumar akwai laifin fitila da alamu, wanda tararsa ta daɗe a naira 2,000, kuma rassan hukumar a jihohi sun sha gargaɗin masu manyan motoci a kan ƙarin fitilu. Jami'an duba motoci na jiha, waɗanda kowa ya sani da VIO, su ke ba da takardar cancantar hawa hanya, Bauchi kuma tana da hukumarta ta kula da zirga-zirga, BAROTA. Manufar dokar a bayyane take: kada fitilarka ta makantar da wani. Wanda ya sa ƙwan da ko a dim yake kashe ido ya saɓa wa wannan manufa, domin umarnin yin dim ba shi da ma'ana idan dim ɗin da kansa ya zama ful. Inda aka samu giɓi shi ne wajen aunawa. Jami'in da ke bakin titi ba shi da na'ura, yawancin sintiri da rana ake yi lokacin da fitilu ke kashe, tarar kuma ba ta kai kuɗin lita uku na fetur ba a farashin da ya kai tun 2024. Ƙwai biyun da ake hukunci a kansu sun ninka tarar sau da yawa.

Ma'aunin kuwa yana nan, kuma Najeriya ta riga ta sa hannu a ƙofarsa. A watan Oktoba 2018 ƙasar ta shiga wasu yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsaron hanya, ciki har da ta 1958 da ta shafi ingancin sassan mota. A ƙarƙashin wannan tsari ne ake buga harafin E cikin da'ira a jikin gilashin fitila, kuma amincewar da ake bayarwa ta fitilar ce tare da nau'in ƙwan da aka gwada ta da shi. In an sauya nau'in ƙwai, amincewar ta faɗi. Ƙa'ida ta 48 ta tsarin ta ƙara da cewa dim ɗin da haskensa ya wuce lumen 2,000 sai an haɗa shi da abin wanke gilashi da na'urar da ke daidaita tsayin haske da kanta. Don a ga ma'anar wannan adadi, halojin H7 yana ba da lumen 1,500 ne, zenon na wat 35 kuma kusan 3,200. Ke nan kamfanin da ya sa zenon a motarsa, kamar yadda BMW ya fara a 1991, dole ya kashe kuɗi a kan kariyar idon wasu. Mai wayarin da ya cusa irin wannan ƙwai a tsohuwar Golf ya ɗauki hasken ya bar kariyar. Shiga yarjejeniya daban, mayar da ita dokar gida da jami'i zai iya aiki da ita daban, kuma wannan mataki na biyu ne bai iso bakin titi ba.

Wasu ƙasashe sun yanke shawara, kuma hanyoyin da suka bi sun bambanta. A Birtaniya, tun watan Janairu 2021, motar da aka sa wa LED ko zenon a fitilar halojin tana faɗuwa a gwajin shekara-shekara da suke kira MOT, in ban da tsofaffin motoci na kafin Afrilu 1986. A Amurka, hukumar tsaron hanya ta tarayya ta bayyana cewa ƙwan LED na musanya bai dace da ƙa'idarsu ta fitilu mai lamba 108 ba, ko da yake ana sayar da shi a ko'ina. Jamus ce ta bi hanyar da na fi ganin hikimarta. A 2020 ta amince da wani ƙwan LED na kamfanin Osram, amma ga jerin motocin da aka gwada shi a fitilarsu ɗaya bayan ɗaya aka tabbatar layin dim bai lalace ba. In motarka ba ta cikin jerin, ƙwan haramun ne gare ka ko da maƙwabcinka ya sa shi bisa doka. Kusa da gida, 'yan sandan Gana sun yi gagarumin samame a 2021 a kan ƙarin fitilun manyan motoci, suna dogaro da ƙa'idojin hanyarsu na 2012, suka sa aka kwance su.

Hujja mafi ƙarfi da direbobi ke kawowa ita ce duhun hanya, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Direban da ke ɗauko fasinja daga Jos da dare yana fama da ramuka, da shanu, da motocin da suka lalace aka bar su da ganye a madadin alama, da titi marar fenti, da fargabar 'yan fashi da masu garkuwa da mutane wadda ke hana shi rage gudu a inda ya kamata. Idan ya ce fitilar motarsa ba ta isarsa, gaskiya yake faɗa. Inda muka rabu da shi shi ne dalilin. Akasarin motocinmu 'yan Kwatano ne da suka shekara goma sha ko ashirin, gilashin fitilarsu na roba ne da rana ta dafa ya koma rawaya ya dushe. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna irin waɗannan fitilu a 2018, ta samu suna ba da kashi 22 cikin ɗari ne kawai na hasken sababbi. Ga madubin ciki da ya ƙone, ga tsofaffin wayoyi da tsatsa ta ci, waɗanda ke rage wutar da ke isa ƙwai, kuma halojin ba ya yafe wannan: raguwar wuta da kashi goma cikin ɗari tana cinye kusan sulusin haskensa. Goge gilashi ko sauya shi, gyara waya da sa rile, da saita fitilar, suna dawo da hasken da aka ƙera motar da shi ba tare da an taɓa idon kowa ba. Sa ƙwai mai ƙarfi a bayan dusasshen gilashi kuwa shi ne mafi munin zaɓi, don dusasshen gilashi watsa haske yake yi.

Akwai kuma abin da mai wannan hujja yake mantawa. Ribar ƙwai mai ƙarfi tana nan ne muddin kai kaɗai ke da shi. Ranar da wanda ka dalle jiya ya je ya sayi nasa, ya ƙara da doguwar fitila a bamba don ramuwa, ku biyun kun koma makafi a lokacin da kuke gilma juna, wato lokacin da ya fi kowane haɗari. Abin da ake gani a hanyoyinmu ke nan yanzu: wannan ya ƙyafta ful yana roƙon a yi dim, wancan ya kunna duk abin da yake da shi don ya nuna masa cewa dama a dim yake. Mai tirela ne ke cin wannan gasa kullum, don kujerarsa tana sama da hasken kowa, fitilunsa kuma suna sama da idon kowa. Mai keke da mai tafiya a ƙasa ba su cikin gasar ma, amma su ke biyan kuɗinta.

Wasu za su ce ai sababbin motocin manya da LED suke fitowa daga kamfani, don me za a hana talaka abin da aka bar wa mai kuɗi? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta rabi biyu ce. Rabin farko, fitilar LED ta kamfani, wadda ta fara bayyana a Lexus wajen 2007, an gina madubinta da gilashinta ne a kan ƙwayoyin LED tun daga farko, tana da layin dim mai kaifi. Ita da ƙwan kasuwa suna ɗaya kawai suka haɗa. Rabin na biyu kuma dole a yarda da shi: fitilun kamfani ma suna damun mutane, musamman a manyan jif masu tsayi. A wani binciken jin ra'ayi da ƙungiyar RAC ta Birtaniya ta fitar a farkon 2024, kusan tara cikin goma na direbobi sun ce aƙalla wasu fitilun sun yi haske fiye da kima, a ƙasar da ake gwada motoci duk shekara. Wannan yana ƙarfafa maganar aunawa ne. Ma'aunin da ke duba inda haske ke sauka ba ya tambayar kuɗin mota. Jif ɗin babban mutum da fitilarsa ta ɗaga bayan karo zai faɗi, tsohuwar motar haya da aka saita da kyau ta ci.

Fargabar da ta fi dacewa a saurara ita ce ta cin hanci. Duk sabon haramci a Najeriya yana iya zama sabon shingen karɓar na goro, kuma direbobin haya sun fi kowa sanin haka. Idan aka bar wa idon jami'i ya yanke cewa wannan fitila ta yi haske da yawa, an buɗe ƙofar ciniki. Shi ya sa nake ganin bakin titi ne wuri mafi rauni da za a kai wannan yaƙi. A watan Oktoba 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO na babban birnin ba su da ikon tare motoci a hanya su kama su ko su ci tara. Ko yaya mutum ya ɗauki hukuncin, yana tuna mana cewa ainihin aikin waɗannan jami'ai duba mota ne kafin a ba ta takarda. A Legas da Abuja akwai cibiyoyin duba motoci da na'ura, amma gwajin fitila bai ma buƙatar jiran kwamfuta. Fili shimfiɗaɗɗe da bango sun isa. A tsayar da mota mita goma daga bango, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi a bangon da alli daidai wannan tsayi, a kunna dim. Iyakar hasken ya kamata ta sauka kimanin santimita goma ƙasa da layin, kuma a fitilu ƙirar Turai an buga adadin a jikinsu, 1.0% ko 1.2% ko makamancinsa. In iyakar ta haura layi, a murza sukurun saiti. In babu iyaka sam, sai tabon haske ko'ina, ƙwan ne bai dace ba. Direba yana tsaye yana ganin abin da jami'i ke gani, don haka babu abin yin gardama ko ciniki a kai.

Wannan gwaji zai tona wani abu da ba ruwansa da sabon ƙwai. Motar haya da aka danƙara wa buhuna a but tana zama ta baya ta ɗaga hanci, dim ɗinta ya koma kallon sama. Motoci da yawa ƙirar Turai, irin su Golf da Sharon da ke cika tashoshinmu, suna da wata 'yar ƙaramar taya kusa da sitiyari mai lamba daga 0 zuwa 3, aikinta sauke fitila idan an yi lodi. Direbobi da yawa ba a taɓa nuna musu amfaninta ba, a wasu motocin kuma ta daɗe da mutuwa. Wannan darasi ne na minti biyar da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW za su iya bayarwa a tasha, ƙungiyar kanikawa ta NATA kuma ta koya wa masu wayarin, tun da a hannunsu ake sauya ƙwan, kuma maganarsu ce mai mota ke ji.

Za a iya cewa babu alƙaluman da ke nuna yawan mutanen da fitila ta kashe. Haka ne, amma dalilin yana cikin yadda ake rubuta rahoto. FRSC ta ce mutum 5,421 ne suka mutu a haɗurran hanya a 2024, tana kuma rarraba musabbabai zuwa gudun wuce kima, fashewar taya, tsinkewar birki, ganganci wajen wuce mota da sauransu. Kashe ido ba shi da gurbi nasa. Direban da aka dalle ya bar hanya ya faɗa kwalbati, motar da ta dalle shi ta wuce abinta ba ta ma san an yi ba, a takarda kuma za a ga gudu ko tuƙin ganganci. Ƙara layi ɗaya a takardar rahoton haɗarin dare ba zai ci wa hukumar komai ba, kuma shi zai ba ta hujjar da take buƙata.

Sauran aikin yana tashar jiragen ruwa da kasuwa. Waɗannan ƙwai ba a Bauchi ake yin su ba. Shigo da su ake yi, su bi ta manyan kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas da Nnewi da Ƙofar Ruwa a Kano kafin su iso shagunan nan, a kwalaye masu ɗauke da adadin lumen na dubbai barkatai da babu wanda ya tantance. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, kuma ƙwan fitilar mota bai fi taya ko wayar lantarki wuyar sa wa ido ba. Bin tafarkin Jamus a nan yana nufin a bar ƙwan da aka gwada ya shigo da jerin motocin da ya dace da su, a tare wanda ba shi da shaida. Dogayen fitilun nan masu ƙwayoyi da yawa kuma, da jerin da ke kan tireloli, an yi su ne domin gona da ma'adinai da daji. Ba su da dim ko kaɗan. Wanda ke buƙatarsu a hanyar ƙauye yana iya riƙe su da makunni na daban da marfi, kunna su a kan titin da jama'a ke bi kuwa shi ne laifin da ko ba na'ura ana iya tabbatarwa, kuma a nan ne kawai nake ganin kame a bakin hanya yana da amfani.

Ko an yi duk wannan, akwai kaso mai yawa na fitilun Miri da tsarin ba zai taɓa ba. Babura da Keke Napep su ne suka fi yawa a titin bayan isha'i, su ne suka fi saurin karɓar ƙananan fitilun LED masu araha, wasu har masu ƙyaftawa ja da shuɗi irin na jami'an tsaro, kuma da yawansu ba sa zuwa gaban mai duba mota daga ranar da aka saye su har su tsufa. Su ne kuma suka fi shan wahalar fitilun manya. Hanyar da ta fi kusa da su ita ce ƙungiyoyinsu, waɗanda ke yanka musu tikiti kowace safiya kuma suka san kowane ɗan ƙungiya da lambarsa. In BAROTA na son bangon gwaji ya yi aiki a wannan ɓangare, a tashoshin keke da na acaɓa za ta zana shi, kuma da shugabanninsu za ta fara zama.